Kaset ɗin da Baba bai samu aikawa ba

Ni haifaffen Jidda ne, a nan aka yanke min cibiya, a nan na yi wayo, Kano kuwa sau biyu kacal na taɓa taka ta. Mahaifina tela ne, ya zo aikin Hajji tun yana saurayi bai koma ba, daga baya aka kawo masa Umma suka zauna a Gulel, can kudancin gari kusa da Karantina, inda in ka fito da safe sai ka rantse a Fagge kake saboda Hausa da ƙamshin ƙosai. Ina da shekara shida Allah ya yi masa rasuwa. Fuskarsa ina da ita a hoto, amma murya kam ta ɓace min tun tuni, in na rufe ido ina ganin bakinsa yana motsi amma ba na jin komai, kuma ban taɓa gaya wa kowa wannan abin yana damuna ba.

Da aka fara rusau a ƙarshen 2021, ya ci har cikin 2022, unguwarmu tana ciki. Aka zo aka rubuta ikhla'i, wato a tashi, da fenti a bango, kowa ya shiga ɗaurin kaya ba ji ba gani. A cikin wannan hargitsin ne muka jawo tsohuwar adakar Umma daga ƙarƙashin gado, a can ƙasanta ƙarƙashin zannuwa akwai kwalin madara cike da kaset, guda 23. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a da kiran waya zuwa Najeriya sai mai hali, kuma tsofaffinmu da yawa ba sa rubuta wasiƙa, to sai a ajiye rakoda a tsakar gida kowa ya zo ya yi gaisuwarsa ya faɗi saƙonsa, wane ya yi aure, wance ta haihu, a turo mana turare da dabino, sai a ba alhaji mai tahowa ya kawo. Mu ma in alhazai za su koma a cika wani a ba su. Guda 22 daga Kano suka zo. Ɗaya kuwa, mai minti 60, da rubutun ajami a jikinsa, Umma ta riƙe shi ta daɗe tana kallo sannan tace, wannan babanku ne ya yi wa Goggonku, bai kai ga bayarwa ba ciwon ya kwantar da shi.

Wallahi a daren nan ban yi barci ba.

Ni dama ina da ɗan hannu a harkar waya, na yi shekaru a shagon gyaran jawwal kafin 2016 da aka ce aikin shagunan waya na 'yan ƙasa ne kawai, don haka sai nake ganin ai wannan ƙaramin aiki ne, kuma wannan ganin shi ya cuce ni. Muna gama tarewa a sabon wuri na tafi Haraj Sawarik, kasuwar gwanjo, na sayi tsohuwar rakoda, na sayi waya mai kai biyu, na sauke Audacity, manhajar ɗauka da gyaran sauti, a laftof ɗina tunda kyauta ce, na soka kai ɗaya a ramin iyafon na rakodar ɗaya a ramin makirfo na laftof, na ƙure ƙarar rakodar don a tunanina ƙara mai yawa ita ce murya mai kyau. Kuma maimakon in gwada da wani kaset na banza, sai na fara da na Baba, saboda zumuɗi.

Da muryar ta fito sai da na dafa bango. Assalamu alaikum, Yaya, ina gaisuwa. Murya mai ɗan kaushi, yana jan magana a hankali. Na zauna a ƙasa na bar shi yana tafiya har gefen farko ya ƙare, ban ko kalli allon ba. Da na kalla sai na ga zanen sautin ya cika layin dam daga sama har ƙasa kamar an shafa shuɗin fenti, ba tudu ba kwari. A lokacin ban san ma'anar hakan ba. Ma'anarsa ita ce ramin makirfo an yi shi ne don siririn sauti, yana ƙara masa ƙarfi da kansa, ni kuma na aika masa sauti mai ƙarfi dama, to duk inda Baba ya ɗaga murya sai saman sautin ya yanke, muryar ta fashe kamar sifikar da ta yage. Kuma abin da ya yanke a wurin ɗauka ya tafi kenan, ko ka rage ƙara daga baya fashewar tana nan, sai dai ta yi ƙasa-ƙasa.

Ga kuma shuuu na kaset, ga wani gurnani huuum a ƙarƙashi ba ya tsayawa. Sai na shiga neman yadda ake wanke sauti, na samu wurin rage hayaniya, wanda za ka fara nuna masa ɗan wurin da ba magana ya ɗauki samfurin hayaniyar sannan ya bi duk rikodin ɗin yana cire ta. Na yi sau ɗaya na ji ta ragu, na ce to bari in ƙara, na ja ma'aunin har can, na maimaita sau uku. Bayan haka na bi duk inda Baba ya yi shiru na yanke, duk wani ƙwanƙwasa da kwaramniya na bayan fage na share, don ina son in kai wa Umma murya tas kamar ta gidan rediyo. Na fitar da shi MP3 a ƙaramin lamba don kar ya yi nauyi, washegari na ga wani abu na sake buɗe wannan MP3 ɗin na gyara na sake fitarwa, na yi haka ya fi sau huɗu. Da laftof ta fara kukan wuri ya cika sai na goge asalin aikin, tunda a ganina ai ina da MP3 kuma ga kaset a hannu.

Na kai wa Umma bayan la'asar, ƙannena duk suna zaune. Na kunna. Ta saurara kamar minti biyu, ta ɗago tace, wannan ba Malam ba ne. Nace Umma shi ne mana, gyara shi na yi. Tace a'a, wannan kamar mutum yana magana a cikin randa, kuma Malam ba ya sauri haka. Sai ta ƙara da abin da har yau in na tuna yake sukata, tace ina ƙarar keken? Ashe ranar da ya yi kaset ɗin yana kan ɗinki ne, ya yi magana ya taka keke, ya tsaya ya ci gaba, ita kuma tana daga ƙofa tana tuna masa sunayen waɗanda zai gaisar, ni ina ta rarrafe ina jan zaren ƙasa. Duk wannan yana cikin shirun da na yanke. Ita shekara da shekaru wannan ranar take ɗauke da ita a kanta, ni na zo cikin dare ɗaya na share ta da sunan gyara.

Nace ba komai Umma, kaset yana nan, zan sake ɗauka. Na koma ɗaki na mayar da shi baya na danna, bai yi minti biyar ba na ji muryar ta fara lanƙwasa tana yin ƙasa, kafin in kai hannu rakodar ta tauna zaren. Na buɗe na ga zaren ya naɗe a jikin 'yar tayar robar nan ya cukurkuɗe, da na ja a hankali sai ya tsinke a hannuna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fi awa ɗaya zaune da guntun zare a tafin hannuna.

Wanda Allah ya sa ya zama sanadin fitata wani dattijo ne mai gyaran rediyo, Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa irin ta da ce, a gauraye da Larabci. Na kai masa rakodar da kaset ɗin a leda, ya buɗe ya leƙa ya girgiza kai yace, ɗana, ka sa amanar mutane a bakin kura. Ya nuna min tayar robar, ta yi ƙyalli ta yi danƙo saboda tsufa da datti, ita ce ke kama zare. Ya tsoma auduga a sifirit ya goge kan da ke karanta zaren, audugar ta fito ja kamar tsatsa, ya goge sandar ƙarfen da ke juyawa, ya wanke tayar, ya canza bel ɗin ciki da ya saki. Sannan ya kwance sukurori biyar na gidan kaset ɗin, ya yanke wurin da ya yamutse da reza, ya haɗa bakin biyu ya manna siririn salatif ta bayan zaren, ba ta fuskar da ke ɗauke da sauti ba, ya naɗe da biro. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Yace abin da na yanke ya tafi, ka yi haƙuri, saura kuma ka bi shi a hankali. Nace Baba nawa zan bayar, yace ka yi wa mahaifinka addu'a, kalas.

Akwai wani abu da ya koya min wanda ban taɓa ji ba. Kusa da kan rakodar akwai wani ɗan ƙaramin sukuru, in ka juya shi kaɗan kan yana karkata. Kowane kaset da irin karkatar kan rakodar da ta ɗauke shi, in naka bai dace da shi ba murya sai ta dushe kamar an rufe ta da bargo. Ya sa wani kaset ɗin Kano yana juya sukurun a hankali ina saurare, can sai na ji sin da shin sun fito fes, kamar an buɗe taga. Yace a nan za ka tsaya. Wannan gyaran babu manhajar da za ta yi maka shi bayan ka riga ka ɗauka.

Na yi wata biyu ban taɓa kaset ɗin Baba ba, ina koyo a kan wasu kaset na wa'azi da na sayo a Haraj. Na sayi ƙaramin akwatin sauti na USB mai ramin layi na daina amfani da ramin makirfo. Ranar farko manhajar ta ƙi ganinsa, tana ta ba ni saƙon kuskure wai ba ta iya buɗe na'urar ɗauka ba, ashe in ka soka shi bayan ka riga ka buɗe Audacity sai ka sa ta sake laluben na'urori ko ka rufe ka buɗe, kuma a cikin Windows akwai wurin izinin makirfo da dole ya zama a kunne. Na koyi saita ƙara yadda mafi tsayin tudun zai tsaya wajen rabi ko sama kaɗan, kar ya taɓa rufi, in ya yi ƙasa ai ana iya ɗaga shi daga baya ba asara. Wani lokacin sauti ya fito a kunne ɗaya kawai, tunda rakodojin da mono ne, sai in raba layin biyu in jefar da wanda ba komai. Sau ɗaya kuma na canza lambar layin, wato sau nawa ake auna sauti a daƙiƙa, daga 44100 zuwa 48000 ina zaton babbar lamba ta fi kyau, malamin ya koma yana zuba kamar ana korarsa, na mayar ya dawo daidai.

Gurnanin nan shi ya fi ba ni wahala, kuma shi ya fi koya min abu. Ashe iri biyu ne. Akwai wanda ni nake sawa da kaina ta cajar laftof da wutar rakoda, wannan maganinsa sauƙi, ka zare caja ka sa wa rakoda batir, shi kenan ya ɗauke. Akwai kuma wanda yake kwance a kan zaren tun ranar da aka ɗauka. Wutar Saudiyya tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya sau 50, to in ka sa manhajar ta zana maka yadda sautin ya rarrabu, kaset ɗin Kano da aka ɗauka da wuta za ka ga tsini a wajen 50 da 100 da 150, na Jidda kuwa a 60 da 120 da 180. Da ka san lambar sai ka sa matatar da ke cire siririn layi ɗaya kawai, noc filta, ta ɗauke gurnanin ba ta taɓa murya ba. Ni abin ya taɓa ni sosai, ka duba zane kawai ka san a wace ƙasa aka yi magana.

A nan ne kuma na gane maganar Umma cewa Malam ba ya sauri haka. Da na koma na ɗauki kaset ɗin Baba da bismillah, na duba tsininsa, maimakon 60 sai na gan shi wajen 63. Ya'ani rakodata tana gudu fiye da wadda ya ɗauka da ita da kusan kashi 5 cikin ɗari, shi ya sa muryar ta ɗan yi siriri yana kuma gaggawa. Na rage gudun har tsinin ya sauka kan 60. Kunnen Umma ya kama abin da ni sai da lissafi na gano, bayan shekarun nan duka.

Wannan karon kafin in taɓa komai na fitar da shi WAV, irin fayil ɗin sauti da ba a matse ba, yadda yake, da shuuu ɗinsa da komai, na sa masa suna asali, na kwafa a wuri uku, laftof da filash da kuma wurin ƙanwata. WAV yana da nauyi, minti ɗaya na sitiriyo a 44100 yana cin kusan megabait 10, MP3 a 128 kuwa kusan megabait 1, to amma MP3 yana samun wannan sauƙin ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin, kuma duk sanda ka buɗe ka sake fitarwa sai ya ƙara zubarwa, kamar a yi ta hoton kwafi daga kwafi. Wanda wurin ajiya ya yi wa kaɗan ya yi FLAC, yana rage nauyi kusan rabi ba ya zubar da komai. Ni a ganina duk wanda zai taɓa muryar mamaci bai ajiye asali ba to bai kamata ya fara ba, na faɗi haka ne don na ɗanɗana. A kan kwafi na yi aiki, na cire gurnani, na rage shuuu sau ɗaya tak kuma kaɗan, na bar sauran. Shiru ko ɗaya ban yanke ba.

Saura wurin da ya tsinke. Abin da reza ta ɗauke bai fi 'yan daƙiƙu ba, amma zaren da ke gefensa ya yamutse har maganar ba ta fita, duka wajen rabin minti, kuma a daidai nan ne yake ba Goggo labarina, yana cewa yaron ya fara tsayuwa yana kama ƙafar keke. Ba inda wannan maganar ta rage a duniya sai cikin lalataccen MP3 ɗin nan na farko. Na ɗauko shi na rage masa gudu daidai da ɗayan, na yanko wurin na dasa a gurbin, na lallaɓa bakin haɗin ta yadda ɗaya zai shiga cikin ɗaya a hankali. Na yi iya yina amma ɗinkin yana nan, duk mai kunne zai ji, keke yana tafiya sai ya ɗauke ɗif, muryar ta shiga randa, sannan ta fito.

Wahalar ba ta ƙare a nan ba, don isar da shi ga mutane ma wani aiki ne. Na tura wa ɗan Goggo a Kano yace ba ya buɗuwa, ashe fayil ɗin aikin na tura masa, mai ƙarewa da aup3, wanda Audacity ta koma amfani da shi tun 2021, shi ba sauti ba ne, teburin aiki ne, manhajar kaɗai ke buɗe shi, adanawa daban fitarwa daban. Na fitar da MP3 na tura masa ta WhatsApp a matsayin dokumen. Shi kuma da zai raba wa dangi sai ya kunna a waya ɗaya ya ɗauka da wata a saƙon murya, abin ya zagayo ya dawo min da kukan akuya a ciki, sai da na kira shi nace don Allah ɗan'uwa ka tura fayil ɗin kansa. Saƙonnin da dangi suka yi ta turowa suna kuka suna addu'a Umma tace a sa mata a 'yar rediyonta mai memori, rediyon ta ƙi, saboda saƙon muryar WhatsApp opus ne ita kuma MP3 ta sani. Na canza wa fayil ɗin suna na rubuta mp3 a ƙarshe, bai yi ba, don canza suna ba ya canza abin da ke ciki, ko ka rubuta zuma a jikin kwalbar manja manja ne. Sai an juya shi da gaske. Haka wasu tsofaffin rikodin na AMR da ƙanwata ta ɗauka da tsohuwar Nokia, da M4A na iPhone, Audacity ba ta buɗe su ba sai da na ƙara mata wata manhajar taimako mai suna FFmpeg. Memorin ma sai da na yi masa fomat a FAT32, na kuma rubuta sunayen da boko da lamba a gaba, don sunan Larabci rediyon tana nuna shi kamar tsutsotsi.

Ranar da na kai mata na biyun ita kaɗai ce a ɗaki. Na sa memorin na danna na koma bakin ƙofa na zauna. Shuuu ya fara, sai ƙarar kujera, sai keke, tak tak tak tak, ya tsaya, sannan assalamu alaikum Yaya. Umma ta sa bakin mayafinta a baki. Can sai ga wata siririyar murya daga nesa tana cewa Malam kar ka manta da Inna ta Ƙofar Mata, sai ta nuna rediyon da yatsa tace, ni ce nan. Da aka zo wurin ɗinkin na sunkuyar da kai ina jiran abin da za ta ce. Ba ta ce komai ba, sai da muryar ta fito daga randar ta juyo tace, Allah ya yi maka albarka, ka ji yadda yake faɗin sunanka ko?

Goggo tana raye, ta tsufa sosai ba ta gani, an kunna mata saƙon ƙaninta a Kano shekara kusan talatin bayan ya yi shi, ɗanta yace duk gaisuwar da ya yi sai da ta amsa, lafiya lau, lafiya lau, har da waɗanda ya tambaya da suka riga mu gidan gaskiya tana gaya masa wane ya rasu, wance ma ta rasu.

Cikin 22 na Kano na gama 14. Akwai ɗaya na kakata da ɗan soson da ke danne zare a jikin kan ya faɗi, sauti yana zuwa yana ɗaukewa, na ajiye shi gefe sai Juma'a in kai wa dattijon nan ya duba.